"Dare rigar mugu": wurinta ne a maganar amai da gudawa?

Ɗan Kabi:
Salamu alaikum jama'a. Karin maganarmu ta yau ita ce "dare rigar mugu". Tsofaffi na yawan jawo ta idan yaro ya wuni lafiya ƙalau, ya ci abinci ya kwanta, ƙarfe biyun dare sai amai da zawo. Wurinta ne, ko aron wuri aka yi mata?

Malamin Hausa, Gwandu:
Wa alaikumus salam. Asalinta kan ɓarawo da mai aikin assha ne, duhu ke lulluɓe su. Amma a lura, Bahaushe bai ce dare mugu ne ba. Mugun daban, rigar daban. Duk mai faɗinta kan ciwon ciki yana nufin daren ne ya kawo ciwon, ya karkatar da ita.

Duba-gari, Argungu:
Malam ka gama magana. Mugun da rana ya shigo, ta baki. Ɗauki shinkafa, tunda ƙasarta muke. Akwai ƙwayar cuta da ke zuwa a jikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta. A sauke dafa-duka ƙarfe ɗaya na rana, a bar ta a kula har bayan isha'i, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40: ƙwayar ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta zuba dafi. Wannan dafin kan tayar da amai cikin awa 1 zuwa 6. Ka ci ƙarfe takwas, lissafa da kanka. Haka dafin da ke zuwa daga hannun mai gyambo ko ƙurji idan ya dama fura ko ya yanka nama. Miyar nama ta biki kuwa, wadda ta wuni a babbar tukunya da ɗumi-ɗumi, nata yakan ɗauki awa 6 zuwa 24, murɗa da zawo ne, amai kaɗan. Walimar azahar ke nan ta tashe ka kafin asuba.

Inna Mai Koko, Jega:
To ai ana ɗumamawa, Malam. Wa ke cin shinkafar rana da sanyinta?

Duba-gari, Argungu:
Inna, nan ake yaudaruwa. Wuta na kashe ƙwayar, ba ta lalata dafin shinkafar da ya riga ya zuba. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, a bazara ma awa 1. In ba firij, a dafa daidai ciki.

Nas, Birnin Kebbi:
Ban yarda gaba ɗaya ba. Lissafin duba-gari na dafin abinci ne. Zawon yara na ƙwayar rota kusan kwana 2 yake yi kafin ya bayyana, kwalara kuma daga awa 12 har kwana 5. Waɗannan ba su san agogo ba. Yadda suke farawa da dare haka suke farawa da hantsi, sai dai na hantsi ba a ba da labarinsa. Wanda ya tashi gida duka, ana neman tocila da buta, kyamis a rufe, shi ke zama a rai. Sannan jiki kansa na taimakawa: sinadarin da ke danne kumburi yana yin ƙasa sosai wajen tsakar dare, zazzaɓi kan hau da yamma, kwanciya da cikakken ciki kuma na sa abinci tasowa maƙogwaro. Ciwon da ka share da rana kana kasuwa, da dare ba abin da zai ɗauke maka hankali daga shi.

Baba na Yauri:
'Yata, to ni "dare mahutar bawa" zan kawo. Tana karo da ta Ɗan Kabi ko tana ƙarfafa ta?

Nas, Birnin Kebbi:
Baba, taka ma ta fi amfani. Babban hanji da gaske yana hutawa cikin barci, sai da safe yake motsawa. Shi ya sa zawon da ya tashi mutum daga barci ba a raina shi. In yana maimaituwa makonni, a je asibiti a bincika.

Malamin Hausa, Gwandu:
Ni dai har yanzu ina ganin ta farkon ta zauna, in an fahimci rigar. Dare na ɓoye idon yaro da ya faɗa, yana ɓoye cewa tun magariba bai yi fitsari ba. "Bari gari ya waye" ita ce rigar.

Ɗan Kabi:
Nas, to kafin garin ya waye mi za a yi?

Nas, Birnin Kebbi:
Ruwan gishiri da sukari, tun zawon farko. Ƙullin ORS ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata guda biyu. A duba jikin ƙullin, don akwai na rabin lita. In babu, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a ruwa lita 1. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi, illa yake yi. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Nono ba a tsayar da shi. Ruwan haɗin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. A haɗa da maganin Zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. A bar Flagyl da ake ɗura wa yara ba umarnin likita.

Amma zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko jini a ciki, ko yaro ya kasa sha, ko ka tsunkuli fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, wannan ba na jiran asuba ba ne. A nemi mai mashin a tafi, ana ba shi ruwan a hanya.