Musayar waƙa: Ray Charles, makahon Jojiya

Kawu Mai Garmaho
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Fagen wannan makon na Ray Charles ne, mawaƙin R&B na Amurka da ya rasu a 2004. Ƙwar huɗu za a yi, babban amsa-amo "ya". Bismillah.

Da sunan Allah nake fara,
Batun wani gwani mai basira,
Yana ɗan bakwai gani ya ƙaura,
Ray Charles ke nan, ɗan Jojiya.

A 1930 aka haife shi,
Ƙane ya nutse a kan idonshi,
Cikin bahon wankin uwarshi,
Kafin duhu ya rufe mai duniya.

Makarantar makafi a Fulorida,
Nan ya koyi fiyano da ƙa'ida,
Rubutun shafawa ya yi mai fa'ida,
Uwa ta rasu, ya zama maraya.

'Yar Sakkwato
Kawu ka buɗe fage da kuka,
Ka bar mana daɗin a bayanka,
Bari in ɗora daga wajenka,
Seattle ya nufa, doguwar tafiya.

Kamfanin Atlantic ya sayi kwantiraginsa,
A 1952, ya bar kwaikwayonsa,
Nat King Cole ya sauka a harshensa,
Ya koma rera abin da ke zuciya.

Bazazzage
Yaya, a riƙa yi a hankali,
Yabo ba bincike ai jidali,
Karin coci ya ɗauko na asali,
Ya liƙa wa mace, to ina kunya?

Waƙarsa ta 1954 nake nufi, I Got a Woman. Karin waƙar ibada ne ya mayar na soyayya. Mutanen cocinsu da kansu sun yi tir da abin, ba ni na fara ba.

'Yar Sakkwato
Ƙanena, duk baitinka aron kari,
Na Aliyu Namangi ne tun fari,
Shi Ray ya ari ɗaya ya haifi ɗari,
Kai ka ari ɗari ba ka haifi ɗaya.

Badamagare
Kai! Wannan ta sauka a ƙashi. Ba a ja da Sakkwatawa a fagen baiti. Allah ya ƙara basira, Hajiya.

Bazazzage
Badamagare, kullum kai ɗan amshin Sakkwato ne, ko tari suka yi sai ka ce fasaha. Zazzau ce ta haifi Namangi, a kiyaye.

Kar ki haɗa mai begen Ma'aiki,
Da wanda allura ta ci wa jiki,
A Boston aka kama shi da kayan maye cikin aiki,
1964, ki tambaya, ba ƙarya.

Ɗalibin Aruli
A gafarce ni iyaye da yayye. Ɗangon farko na Yaya Bazazzage gaɓa 10 ne, na uku kuwa 17. Baitin ya karye, ɗingishi yake. Sannan lambobin shekarun nan da kowa ke cusawa, wa zai rera 1964 a numfashi ɗaya?

Bazazzage
Ka rera shi da sauri ka ga ko ba zai shige ba. Kunne ke yanke hukunci a waƙa, ba sikelinka ba.

Ɗalibin Aruli
Yaya, wannan hujjar makaɗan baka ce, su ganga ke rufa musu asiri. Mu nan rubutacciya muke yi.

Ma'auni ba ƙiyayya ba ne,
Ga mai waƙa ai gata ne,
Shi ma Ray ɗin mai awo ne,
Bai barin makaɗi ya yi zamiya.

Badamagare
Malamin Aruli, to naka wane kari ne? Na auna shi da Mutadarik ya ƙi, na kai shi Rajaz ya gudu.

Ɗalibin Aruli
Ka sake aunawa, ka lura da dogon wasali. Rubutun boko ba ya nuna shi, shi ke ruɗa ku.

Kawu Mai Garmaho
Ya isa haka, 'ya'yana. Mai son aruli ya buɗe nasa zauren. Bazazzage, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi.

An kama shi, wannan ba a musu,
Likitoci ya je ya same su,
Kayan maye a 1965 ya rabu da su,
Allurar nan bai sake waiwaya.

Badamagare
Ku bar sikeli ku dubi ciniki,
ABC ta kira shi ta ba shi aiki,
Ya ce uwar faifai tawa ce, ba raki,
Makaho ya fi masu ido sanin dukiya.

A 1959 fa ke nan, zamanin da kamfani ke riƙe asalin naɗin waƙa, mawaƙi ya tashi da ɗan abin da aka yaga masa. Baƙar fata ya zauna da su ya ce nasa nasa ne, suka sa hannu.

'Yar Sakkwato
Ku yi haƙuri da jinkiri, tun jiya ba wuta a unguwarmu. Ƙanena, kunya ka tambaya, ga ta.

A garin Augusta, 1961, an shirya wasa,
Farare a fili su taka a ƙasa,
Baƙaƙe a bene, can sama da nesa,
Ya ce ba da ni ba, ya kama hanya.

Aka kai shi kotu ya biya tara,
Shekara 18, sai zance ya gyara,
Majalisar jiha ta kira shi ya rera,
Georgia on My Mind ta zama taken Jojiya.

Bazazzage
Na ji Augusta, na sara masa,
Amma 1962 fa, mu bi sawunsa,
Kiɗan kaboyin Turawa ya ɗora wa kansa,
Kishi ne, Yaya, ko farautar dukiya?

'Yar Sakkwato
Tun yana yaro a kudu yake jinsa,
Rediyo ke kawo shi har kunnensa,
Wanda ya tashi da abu ai nasa,
Sai mai hassada ke ganin wariya.

Ɗalibin Aruli
Kawu, a duba mana. Badamagare ya riga ya rufe baiti da "dukiya", Yaya Bazazzage ya sake ɗaukowa. Ba a maimaita kalmar amsa-amo a zaure ɗaya. Ya janye baitin ya kawo wani, sannan a ci gaba.