Waɗanne marubuta zan fara da su?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman littattafan labarin tarihi da na aljanu da jarumta, na Hausa ko na Turanci. Wa zan fara karantawa?

Malamin Asawase: Wa alaikumus salam. Fara da Gandoki na Bello Kagara, 1934. Farkonsa yaƙi ne da Turawa, daga baya labarin ya faɗa duniyar aljanu. A nan mutane ke ruɗewa, suna ɗauka duk tarihi ne. Daga nan sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kan cinikin bayi ta hamada. Gajere ne, kwana biyu ka gama. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuma ka karanta shi da ƙarfi, daɗinsa a kunne yake. Idan ka samu tsohon bugu, duba shafukan ƙarshe kafin ka biya, sau da yawa sun ɓalle.

Hajiya Mai Littafi: Ɗana, kada ka bar namu na gida Ghana. Ayesha Harruna Attah ta rubuta The Hundred Wells of Salaga, 2018, kan mata biyu, Aminah da Wurche, lokacin yaƙin 1892 na Salaga, gari a arewacin Ghana. Kasuwar goro da ta bayi da kakanninmu suka sani ke ciki.

Ɗan Sabon Zango: Gaskiya ne Hajiya. A ƙara da The Healers na Ayi Kwei Armah, kan faɗuwar Kumasi a 1874. Farkonsa na tafiya a hankali, sai an yi haƙuri.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri. Da Gandoki zan fara.