Injin Cressidar Sagir: sabo ne ko gyararre?

Sagir Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Kun san motar marigayi Baba, Toyota Cressida, ƙirar 1992, wadda ta shekara shida a ƙofar gida har tayoyinta suka kwanta. Bulok ɗinta ya tsage tun Baba na raye. Da na tashi tayar da ita na je wani wurin tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motocin da aka wargaza, aka nuna mini inji samfurin 22R da aka ciro daga Hilux, an wanke shi tas. Mai wurin ya rantse mini lafiyarsa ƙalau, ya ba ni lamunin sati ɗaya, na ƙirga masa riyal 2,800. Rana ta tara salansa ta fara shuɗin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Na koma, ya ce sati ya wuce. Kawu Isa ya buɗe injin a gabana: robar da ke riƙe sarƙar tayimin ta karye, guntayenta na kwance a kwanon mai, sarƙar ta ci murfin gaba har ta huda hanyar ruwa. Silinda ta uku kuwa farcena na maƙalewa a zanen da ke jikinta. Wata biyu muka yi a kansa. Jiya na hau Ɗa'if ta hanyar Hada, allurar zafi ba ta wuce rabi ba. Inji ya dawo sabo fil. Maganata ɗaya ce: ɗora injin tashlih ba a buɗe shi ba cinikin biri a sama ne.

Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, mutumin kirki ne. Amma yaro, janye kalmar nan "sabo". Sabo shi ne wanda ya fito daga kamfani a akwati. Naka gyararre ne.

Sagir Jidda: Alhaji, fistin huɗu sababbi, ringi, metal, gaskit, sarƙa da robobinta, murfin gaba, famfon mai, famfon ruwa, duk a leda na saye su. Me ya rage?

Alhaji Ɗanjuma: Bulok ya rage, karanshaf ya rage, kan silinda ya rage. Ramin silindar 22R milimita 92 ne daga kamfani. An rarake naka an ƙara rabin milimita, ko ba haka ba? Naman da aka yanke ba ya komawa.

Kawu Isa: Ɗanjuma, ni na yi aikin, bari in yi magana. E, an ƙara 0.50, an kuma rage karanshaf 0.25 aka sa metal daidai da shi. Toyota da kanta take yin fistin na wannan awo, don ta san za a yi haka. Bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, yana da naman da zai ɗauka. Abin da ke sa inji lafiya tazarar da ke tsakanin fistin da bango ce, kuma na auna da hannuna, huɗun duka. Ka taɓa auna ko guda cikin waɗanda kake sayarwa?

Alhaji Ɗanjuma: Yaya Isa, ban taɓa aikinka ba. Kalma na gyara. Wanda ya sayar da mota ya ce injinta sabo ne alhali an buɗe shi, ya yi algus.

Malam Tukur: Nan Alhaji ya yi gaskiya. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. A kula da lafazi wajen ciniki.

Sagir Jidda: Malam, wa ya ce sayarwa zan yi? Motar ubana ce. Wanda ya wanke mini ruɓaɓɓen inji ya rantse, shi hadisin bai hau kansa ba?

Abu Faisal: Wallahi a nan Makka in an yi wa makina taudib kamil, "mujaddada" ake cewa, ba "jadida" ba. Kalmomi biyu ne daban. Ku Hausa ce ta haɗe muku su.

Nura Ƙofar Ruwa: Hausa ba ta haɗe komai ba, ku ne kuka manta ta. Muna da sabo, muna da sabuntacce. Mene ne kuma makina da taudib? Inji ne, obahol aka yi masa. Shekarata goma sha ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ban taɓa jin taudib ba sai a Hausar takari.

Abu Faisal: Nura, ka ji tsoron Allah. Obahol ɗin Hausar Daura ce? Bakin Bature ne kuka lanƙwasa. Mu mun ara daga harshen Alƙur'ani, ku kun ara daga Ingila, sai namu ne abin gori? Kuma kalmar nan da ka jefo, ka san yadda take mana ciwo. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guziri, ya haye teku ta Sawakin. A Shara Mansur da ke nan Makka aka haifi ubana, aka haife ni, kuma har gobe tuwo da miyar kuka ake ci a gidanmu. Kai da ka sauka daga jirgi shekaranjiya ba za ka auna mini Hausa ba.

Nura Ƙofar Ruwa: Ban yi nufin zagi ba, Yaya. A yafe ni. Amma obahol dai obahol ne.

Faisal ƙarami: Ni abin da ya ba ni takaici, Yaya Sagir, wata biyu da duk kuɗin nan a kan silinda huɗu mai kafireto. Da injin Toyota 1JZ ka nema. 'Yar uwar motar nan a Japan, Mark II, ta fito da shi tun 1990, wurin zamansa na nan. Ko 2JZ na Lexus GS300, lita uku, silinda shida.

Kawu Isa: Ɗana, sai ka nemo giyabos ɗinsa, da kwamfutarsa, da wayarin gaba ɗaya, da famfon fetur mai ƙarfi, ka canza lagireto, ka gyara firofela. Wannan kuwa kwanon mai da ƙafafun tsohon injin kawai muka mayar masa, ya zauna daram. In ya tsaya maka a Bahra, tsakanin Jidda da Makka, da tsakar dare, da sukundireba da sifana mai lamba goma sha biyu za ka tashe shi.

Garba Dadsan: Duk surutu ne. Injin Z24 na Datsun ya fi 22R juriya, kowa ya sani.

Nura Ƙofar Ruwa: Kowa wa? Kawo hujja.

Garba Dadsan: Tawa hujja ce. Shekara nawa tana ɗaukar kaya tsakanin Jidda da Makka ba a taɓa buɗe ta ba.

Abu Faisal: Garba, ba ita na gani an ɗaga a warsha, wato gareji, bayan sallar layya ba?

Garba Dadsan: Kuloci ne, ba inji ba!

Alhaji Ɗanjuma: Kun ji ko? "Ba a taɓa buɗe ta ba." Abin alfaharin kowa ke nan. Ɗaurin kamfani daban yake da ɗaurin hannu, shi ya sa mai hankali ke neman injin da ba a taɓa ba. Shekarata ashirin a tashlih, wanda ya dawo mini da kuka bai kai yatsun hannu ba.

Kawu Isa: Ba sa dawo maka, wurina suke zuwa. Kafin a rushe unguwannin Sabil da Karantina a Jidda, rabin aikin garejina injinan tashlih ne da suka yi wata ɗaya suka fara shan mai. Akwai wanda aka haɗa masa kan silindar kafin 1985 da bulok na bayanta, alhali a shekarar aka rage tsayin bulok ɗin, ba sa shiga juna.

Alhaji Ɗanjuma: Wannan aikin bakanike ne, ba na mai tashlih ba.

Usman (mai kula da zaure): Jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da muka fahimta: Alhaji ya yi daidai, injin da aka buɗe ba a kiransa sabo, Malam Tukur ya kawo hadisi a kai, Abu Faisal ma ya tabbatar ta fuskar Larabci. An yarda ɗaurin kamfani ya fi, kuma tashlih rufin asirin talaka ne, kada laifin mutum ɗaya ya shafi masu sana'ar. Sagir ya yi gaggawa, da ya gwada injin sosai cikin satin lamuni da bai yi asara ba. Nura ya ba da haƙuri, ya wuce. Maganar Datsun a bar ta wani lokaci.

Sagir Jidda: Yaya Usman, wa ya yarda ɗaurin kamfani ya fi? Surukinka ne kaɗai ya faɗa. Awon da Kawu ya kawo bai shiga bayaninka ba, riyal 2,800 ɗina ma ba su shiga ba. Kuma ta ina zan ga karyayyar roba a bayan murfi cikin sati ɗaya?

Kawu Isa: Bar shi, Sagir. Kilomita nawa ka yi yanzu?

Sagir Jidda: 870, Kawu.

Kawu Isa: To kada ka matsa mata totur. In ta cika dubu ka kawo ta ranar Alhamis bayan la'asar, da zafinta, mu zubar da mai mu canza filta, in sake saita bawul, tazarar milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Ka taho da istimara, takardar rajistar motar, mu duba yaushe fahas ɗinta, wato binciken lafiyarta na hukuma.