Ba ni da ƙiba, amma likita ta ce jikina ba ya jin insulin

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaruna 34, a Landan nake zaune. An auna jinina, HbA1c, wato awon matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya nuna 44. Likita ta ce sai ya kai 48 ake kiransa ciwon suga, amma jikina ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, in kula da ido da ƙoda. Abin ya ɗaure min kai, don BMI ɗina, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawo, 26 ne kawai. Abokiyar aikina Baturiya ta fi ni jiki nesa ba kusa ba, kuma lafiyarta lau. Don ni baƙar fata ce? Kuma me ya haɗa suga da ido?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Likitarki ta yi gaskiya. A nan Ingila Bature sai ya kai shekara 40 ake fara sa masa ido kan suga, mu da 'yan Indiya da Pakistan tun daga shekara 25. Ma'aunin BMI ma daban ne: a wurinmu nauyi ya fara yawa daga 23, ƙiba daga 27.5, su kuwa 25 da 30. Kin ga 26 ɗinki ba irin nata ba ne.

Batun ido kuwa, insulin ba tura suga cikin tsoka kaɗai yake yi ba. Yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashin kai siranta, don jini ya isa can. In jiki ya daina jinsa, buɗewar takan ragu, suga ya daɗe yana yawo a jini, shi ma ya ƙara lalata su. Ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa da su suke rayuwa, kuma ɓarnar a ɓoye take farawa, ba zafi.

Wani Baffa: Rayuwar Turai ce kawai, 'yata. Ki nemi shuwaka ki riƙa sha.

Ma'aikaciyar jinyar: Baffa, a yi min afuwa, a Kano ma asibitoci cike suke da masu suga. Shuwaka ba ta maye gurbin awo.

Wani ɗalibin likitanci: Yaya, ƙari biyu. Binciken SABRE da aka fara a yammacin Landan a 1988 ya nuna masu asalin Afirka na yawan samun kitsen jini mai kyau alhali jikinsu ba ya jin insulin, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu. Kada sakamakon kitse ya ruɗe ki, ki riƙa auna hawan jini. Sannan in ke AS ce, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ko kina da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ki gaya wa likita, don HbA1c na iya nuna ƙasa da gaskiya.

Wata Hajiya: Ni rage tuwon dare da lemon kwalba na yi, nake ɗan tattaki bayan cin abinci, sugana ya sauka.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai. AS ce ni kuwa. Gobe zan kira asibiti in nemi awon suga na kafin karin kumallo, da na fitsari saboda ƙoda.