Baƙin ƙarfe ko silba? Muhawara kan wuƙar aljihu mai araha da za a bayar kyauta

Baba Maigoro, Alabar: Salamu alaikum jama'a. Ana neman wuƙar aljihu mai naɗewa, mai ƙwari kuma ba mai tsada ba, za a ba wani saurayi kyauta. Aikinsa kwance huhun goro, yanka igiya da kwali, ranar hutu kuma gona. Jiya Maƙerin Suame ya ce duk wuƙa mai araha in ba ta baƙin ƙarfe ba ce, kwalliya ce kawai. Ni dai ban gamsu ba. Ku warware mana.

Maƙerin Suame: Wa alaikumus salam Baba. Ina nan kan bakana. Abin da ke riƙe kaifi shi ne yawan kabon da ke cikin ƙarfen da kuma yadda aka gasa shi aka sanyaya. Yawancin masu ƙyallin nan da ake bazawa a tire a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi, waɗanda aka rubuta wa "Stainless" kawai, wato silba, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ƙarfensu irin 3Cr13 ne, kabon ɗinsa kusan kashi 0.3 cikin ɗari. Taushi gare shi. A yanka kwali biyu uku da ita, sai ka shafa babban yatsa ka ji bakin ya kwanta gefe guda. Baƙin ƙarfen wuƙar Opinel ta Faransa kuwa, XC90, kabon ɗinsa ya kai kusan 0.9. Ko wuƙar Okapi da ke amfani da baƙin ƙarfe 1055 ta fi su, kuma minti biyu a kan dutse ta dawo. Kuɗin wuƙa mai araha bai isa a yi ƙarfe mai kyau a kuma yi ado ba, dole ɗaya ya ci ɗaya.

Mai Washi, Aboabo: Yaya, rabin gaskiya ka faɗa. Ka ɗauki mafi munin silba ka gwada da mafi kyawun baƙin ƙarfe, wannan ai ba shari'a ba ce. Akwai 8Cr13MoV, kabon kusan 0.8, kuromiyam 13, kuma yana cikin masu araha. Opinel ɗin da kake yabo ma suna yin ta silba, an rubuta mata "Inox", sun daɗe suna amfani da ƙarfen Sandvik na Suwidin, 12C27. A kan dutse bambancinsu da "Carbone", wato ta baƙin ƙarfen, kaɗan ne. Sannan ka manta a ina muke. Kumasi damina biyu take yi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba. Baƙin ƙarfe a aljihun mai gumi, an yanka lemu da ita an naɗe ba a goge ba, kafin gari ya waye jar tsatsa ta fito. Kuma ba a gefen ruwan wuƙar take tsayawa ba, kaifin take fara ci don nan ne mafi siranta, ta kuma shige gindin ƙusar inda tsumma ba ya kaiwa.

Maƙerin Suame: Tsatsa tana da magani. A wanke ruwan wuƙar da sabulu a busar, a shafa ruwan lemun tsami, a bar shi minti goma zuwa sha biyar, a ɗauraye, a goge, a shafa man kaɗanya ɗan kaɗan. Za ta yi toka-toka ta dushe. Wannan dushewar ba lalacewa ba ce, ita ce ke rage kamun jar tsatsa.

Hajiya Mai Shago: Malam Maƙeri, kai za ka yi wannan duka. Yaron fa? Kyauta ake magana. Ba za a miƙa wa mutum abu tare da takardar dokoki ba. In ya buɗe bayan sati biyu ya ga ta yi ja, cewa zai yi Baba ya sayo masa jabu.

Baba Maigoro, Alabar: Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kuma goro ma yana rina baƙin ƙarfe.

Mahaucin Asawase: Ku yi haƙuri, duk kun tsaya kan ƙarfe, alhali abin da ke kai mutum asibiti makullin ne. Wuƙar da ta dakushe a wasa ta. Wadda ta rufe a kan yatsu ana tsakiyar aiki fa? Kafin a biya kuɗi, Baba, a buɗe ta ta kulle, a riƙe bayan ruwan da yatsu biyu a jijjiga hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Motsin hagu da dama sau da yawa ƙusar tsakiya ce ta saki, in mai sukuru ce ana ɗaurewa. Motsin sama da ƙasa kuwa makullin ne bai zauna ba, wannan a ajiye ta kawai. Mai makullin falle, wato siririn ƙarfen nan na cikin ƙota da ke zamowa ya tokare gindin ruwan, a leƙa a ga inda ya tsaya. Ya kamata ya kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin gindin. In bakinsa kawai ya taɓa zai iya zamewa, in kuma ya tsallake har ɗaya gefen to ya riga ya cinye tun tana sabuwa. Bayan haka a kawar da yatsu daga hanyar kaifin, a danna bayan ruwan a jikin benci da ɗan ƙarfi. Wadda ta rufe a nan ba ta aiki ba ce. A rufe ta kuma a duba ko tsinin ya nutse cikin ƙotar. In ya leƙo, aljihu da cinya ne za su ji a jikinsu.

Mai Washi, Aboabo: Wannan haka yake. Shi ya sa a kan kuɗi kaɗan na fi yarda da makulli mai sauƙi. Zoben Opinel, wanda suka ƙara a 1955, juya shi kawai ake yi da hannu, ba sifirin balle ya karye, kuma a na yanzu yana kulle ta ko tana rufe. Lamba 8 ita ce tsaka-tsaki, ruwanta santimita 8.5. Bahago ma zai iya da ita, saɓanin mai falle da aka yi don na-dama.

Maƙerin Suame: To ka faɗi aibinta mana, kada ka ɓoye. Ƙotar itace ce, kuma laimar da kake tsorata mu da ita tana kumbura ta har ruwan ya ƙi fitowa. Ko ta silbar ce haka take yi.

Mai Washi, Aboabo: Ban musa ba. Ana riƙe ta ta wajen zoben a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, sai tsinin ya ɗago a ja. Kuma tun tana sabuwa a bushe, a ɗiga man kwakwa a tsagin da gindin ƙusar itacen ya sha, kumburin zai ragu. Kada dai a jiƙa ta a bokiti. Aibi na biyu, ruwanta siriri ne. Yanka take yi kamar aska, amma wanda ya ɓamɓari murfin gwangwani da ita ya yi bankwana da tsininta.

Mahaucin Asawase: Ga mai gona ni Okapi zan ce. Asalinta Solingen ta Jamus, tun 1902, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Tana jure wulaƙanci. Sai dai sau da yawa a dakushe take zuwa, dole a kai wa Mai Washi kafin a naɗe ta a takardar kyauta. Kuma rufe ta sai an koya: a ja zoben bayan da yatsa ɗaya, a tura ruwan da ɗayan hannun, yatsu na nesa da tsagin.

Hajiya Mai Shago: Okapi mai ƙarar tatata in ana buɗewa? Ni ba zan ba saurayi ita ba. Kamanninta kaɗai ya isa ɗan sanda ya tsaya tambaya. Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, Act 29, ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ƙarama mai kama da kayan aiki ta fi kwanciyar hankali. A kuma gaya masa in zai hau jirgi ta shiga akwatin kaya, ba jakar hannu ba.

Maƙerin Suame: In ƙarama kuma shafal ake so akwai Douk-Douk ta Faransa, ana yin ta a Thiers tun 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne aka ninke, ba abin kumbura. Ba ta da makulli, sifirin ne mai tauri ke riƙe ta. Kuma baƙin ƙarfe ce, Mai Washi, ka ji.

Mai Washi, Aboabo: Na ji, kuma ita da ƙotar tata duk suna tsatsa. Abu ɗaya da zan roƙa, ko wacce aka saya kada a kai ta injin wuta. Injin yana ƙona bakin, in ka ga ya yi shuɗi to taurin wurin ya tafi. Dutse da ruwa, a kwantar da ita kamar digiri 20 kowane gefe, a yi ta ja har yatsa ya ji ɗan gashin ƙarfe ya ɗago a ɗaya gefen, a juya, a ƙarasa a bayan tsohon bel na fata. A guji mai haƙora kamar zarto, ba ta wasuwa a dutsen gida. Wadda aka rubuta wa sunan ƙarfe mai tsada irin D2 ko na kamfanin Victorinox a farashin kwanon waake kuma, ku san rubutu ba tsada.

Baba Maigoro, Alabar: Madalla da ku. Yaron ba mai goge kaya ba ne, ko babur ɗinsa sai an yi masa magana. Opinel lamba 8 Inox za a nema, in ba a samu ba sai mai 8Cr13MoV da ta ci gwajin Mahauci. Malam Maƙeri, ka yafe.

Maƙerin Suame: Ba komai Baba. Amma a haɗa masa da ƙaramin dutse mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi, don silbar ma za ta dakushe. A duba tambarin Opinel na hannu mai kambi a jikin ruwan kafin a biya. Man keken ɗinki kuma na ƙusa ne kawai, kada ya taɓa ruwan da zai fasa goro da shi.