Na ce wa tsohuwa "sorry", ta ce ai ba laifina ba ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Leeds, Ingila. Jiya wata tsohuwa ta yi tuntuɓe da ƙafar kujera, shayinta ya zube mata a riga. Na ruga na riƙe ta ina ta "sorry, sorry". Ta dube ni ta ce ai ba laifina ba ne. Da yamma abokiyar aikina ta ja ni gefe, wai in rage faɗin kalmar, kada a ɗauka ni na jawo. Wallahi sannu kawai nake nufi. Me zan riƙa cewa?

Wani malamin Turanci: Wa alaikis salam ƙanwata. Abin da kika yi nufi shi ne asalin kalmar. A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, "sarig" ake cewa, wato wanda ciwo ya dame shi, daga "sar", rauni, tushe ɗaya da "sore". Mutane na zaton daga "sorrow" ta fito, alhali tushensu daban, kamar sauti ce ta haɗa su. Ba da haƙuri daga baya ya shigo har ya danne sauran. Turancinmu na gida ne ya ɗora mata nauyin sannu, Turawan Ingila kuwa ba su da kalma guda mai ɗaukar wannan nauyi.

Wata Yaya daga Birmingham: Ni ma na sha wannan kunyar a shekarata ta farko. In mutum ya faɗi, ki ce "Are you all right?" ko "Oh dear". In atishawa ce, "Bless you". A rasuwa ko mummunan labari kam "sorry" tana aiki, amma ki cika ta: "I'm sorry to hear that". Kuma in kin ji an ce miki "Sorry?" da ɗaga murya, maimaita ake nufi, ba a ji ki ba.

Wani ɗan'uwa: Anti, kada tsoro ya kama ki. Dokar diyya ta 2006 a Ingila ta ce ba da haƙuri kaɗai ba amsa laifi ba ne. Ki dai rubuta yadda abin ya faru a takardar rahoto.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yau da safe na tambayi tsohuwar jiki yadda Yaya ta ce. Ta kama hannuna, ta nuna min gwiwar ta yi sauƙi.