Shekaru takwas na Bagudu a Kebbi: me kowa ya gani a gonarsa?

Ɗan Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya gardama ta kaure a majalisarmu kan Abubakar Atiku Bagudu. An lissafo muƙamai: sanatan Kebbi ta Tsakiya daga 2009 bayan Adamu Aliero ya zama ministan Abuja, gwamna daga 2015 zuwa 2023, daga nan ministan kasafin kuɗi. Ni kuwa na ce a bar muƙami, a tambayi mutanen fadama, don da shinkafa aka san mulkinsa. Wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana, ban da ji-ta-ji-ta.

Manomi daga Argungu:
Wa alaikumus salam Malam. Ina cikin taron da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya. Da ƙungiya muka shiga, aka ba mu iri da taki da injin ban ruwa, a kan za mu biya da shanshera bayan girbi. Kafin nan noman damina kaɗai nake yi, da rani sai in tafi cin rani kudu in bar iyali wata huɗu. Tun daga wannan shekarar ban sake fita ba. Abin da ya fi taɓa ni ke nan, yarana sun tashi ina gida. Da aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a garinmu a 2017, mai saye ya zo har ƙofa, muka huta da neman motar kai kaya nesa.

Uwar gida daga Suru:
Baba na Argungu ya faɗi na maza, bari in faɗi namu. Mu turara shinkafa muke yi mu shanya a kai casa. A shekarun nan tukunyata ba ta huce ba, da ita na yi wa 'yata kayan ɗaki. Lokacin da gwamnatin Kebbi ta fito da shinkafar da aka sa wa suna Lake Rice tare da gwamnatin Legas a ƙarshen 2016, ƙanena da ke can ya kira ni ya ce ga shinkafarmu ana layi a kanta. Wallahi sai da na yi hawaye.

Matashi daga Bagudo:
Inna, Allah ya ƙara albarka, amma kada a manta da 2020. Ruwa ya zo mana saura kaɗan mu yi yanka, Kogin Kwara ya cika ya shanye komai. Na tsaya a bakin gona ina kallon ruwa har inda ido ya tsaya, ga bashi a wuya. Kuma gaskiya ɗaya ce, a cikinmu akwai waɗanda suka karɓi kayan noma ba su da ko taƙin gona, suka sayar a kasuwa, suna cewa rabonsu ne. Su suka ɓata wa na kirki suna.

Manomi daga Argungu:
Haka ne ɗana, ni ma ambaliyar ta ci min rabi. Noman rani na bayanta ne ya tashe ni. Ka koma gonar kuwa?

Matashi daga Bagudo:
Na koma Baba, amma kuɗin man injin ya sa na rage fili. Yanzu muna haɗa kuɗi mu uku mu sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. In akwai wanda ya gwada shi a fadama, ya gaya mana ko yana jan ruwa sosai da hazon hunturu.